Kundin aikin Tir: daga zawon jarirai zuwa fosfet

13 ga Janairu, 2025

Takardar izinin kwamitin ɗa'ar bincike ta fito, don haka aikin digirina na biyu ya tashi daga takarda ya koma lab. Zan riƙa rubuta abin da aka yi, da abin da ya lalace, da abin da aljihu ya gani.

Ga abin da nake nema. Cikin dangin bakteriyar E. coli akwai wadda ake kira EPEC, tana cikin masu sa wa jarirai zawo, musamman 'yan ƙasa da shekara biyu. Ba ta zuba guba a hanji kamar yadda ƙwayar kwalara ke yi. Wata allura gare ta siririya, sai ta raɓi sel ɗin da ke shimfiɗe a bangon hanji, ta soke shi, ta ɗura masa furotin iri-iri sama da ashirin. Wanda ke fara shiga shi ne Tir. Da ya shiga sai ya kafe a fatar sel ɗin, kansa da wutsiyarsa na ciki, tsakiyarsa na leƙowa waje, bakteriyar kuma ta cafke tsakiyar nan da wani furotin da ke bayanta mai suna intimin. Ita ta zo da marikinta, ita ta kafa, ita ta riƙe.

Sai dai Tir ba ya shiga a kammale, jikinmu ne ke ƙarasa shi. A kowane sel akwai enzayim da ake kira kainez, aikinsu liƙa fosfet a jikin furotin, da haka ake kunna wani a kashe wani. Su ne ke liƙa wa Tir fosfet a kan tairosin, wadda ita ce ta 474 cikin jerin amino asid, wato tubalan da aka gina shi da su. Kamar ɗan damfara ne ya miƙa takardar jabu a ofis, magatakarda ya buga mata hatimin gaske. Daga nan duk teburin da ta je, aiki za a yi da ita. Furotin ɗinmu Nck ya ga fosfet ya kama, ya janyo N-WASP, shi kuma ya tada Arp2/3, sai zaren aktin, furotin da ke riƙe siffar sel, ya taru a ƙarƙashin bakteriyar har ya ɗaga ta a kan ɗan dakali. 'Yan gashin da sel ke tsotsar ruwa da abinci da su kuwa, sai su shafe a wurin.

Ba kowace mai Tir ke bin wannan hanya ba. O157:H7, mai sa zawo da jini, Tir ɗinta ba shi da tairosin nan. Wani furotin take ɗurawa daban, TccP, shi ke tada N-WASP ba tare da an jira fosfet ba. Tambayata ita ce: EPEC ɗin da ke cikin yaran Kaduna, wace hanya suke bi?

21 ga Janairu

An fara karɓar samfuri a wani ƙaramin asibiti. Yawancin matan daga Tudun Wada da Rigasa suke zuwa. Karanta musu takardar amincewa da Hausa yana cin lokaci fiye da ɗaukar samfurin kansa, kuma haka ya kamata. Wata tsohuwa da ta rako surukarta ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yar nan, duk karatun naki a kan kashin yara ya ƙare?" Na ce, "Iya, abin da ke sa shi tsinkewa nake nema." Ta ce ai ba sai an nema ba, haƙori ne. Ban ja da ita ba, sai nas ta tuna musu ruwan gishiri da sukari da zinki, wanda ya fi bincikena amfani ga yaron a yau.

Matsalar da ta fi yawa: yara da dama sun riga sun sha maganin kashe bakteriya daga kemis kafin a kawo su. Irin waɗannan ba sa shiga aikin, domin farantinsu yakan fito wayam ko ya fito da abin da ya tsira kawai.

Kuɗi: kwalaben samfuri, safar hannu da auduga, naira 38,000. Garin MacConkey da EMB, abincin da ake shuka bakteriya a kai a faranti, naira 95,000. Kuɗin keke ban ma fara lissafa shi ba.

28 ga Janairu

Shuka da sake shuka. Masu jan launi a MacConkey suna komawa EMB, masu ƙyallin kore suna shiga gilisarol a firiza. Ƙyallin nan E. coli kawai yake nunawa, ita kuwa babu cikin da babu ita.

7 ga Fabrairu

Firaima, guntayen DNA da ake farauto ƙwayar gado da su, sun iso, naira 120,000 har da kuɗin turowa, hodar haɗin PCR, gwajin da ke ninka ƙwayar gadon har a iya ganinta, kuma naira 85,000. Ƙwayoyin gado uku nake dubawa: eae mai yin intimin, bfpA mai yin igiyoyin da bakteriyar ke cuɗuwa da 'yan uwanta da su, da stx mai yin gubar Shiga. Mai eae babu stx ita ce EPEC. In tana da bfpA ana kiranta ta asali, in babu ana kiranta bare.

Zagayen farko ya tafi a banza. Injin PCR na tsaka da aiki aka ɗauke wuta, inbata ta karɓa, ta yi ƙara ta mutu, domin batiranta sun tsufa. Kafin a tada janareta injin ya huce ya manta inda ya tsaya. Abin takaicin shi ne ba a gane hasarar nan take. Sai an zuba a jel, inda abin da aka samu ke rabuwa layi-layi bisa girmansa, an jira, an haska, sannan a ga fili babu layi ko ɗaya, har a ramin da aka sa E2348/69. Wannan ita ce EPEC ɗin da duniya ke auna sauran da ita, an ware ta a garin Taunton na Ingila a 1969, Malam, mai duba aikina, kuma ya taho da ita tun zamanin karatunsa a waje. In ita ba ta fito ba, to ba samfurin ne da laifi ba.

Mun zauna da sauran ɗaliban lab, an yanke kowa zai riƙa ba da naira 20,000 a wata na dizal, kuma ba a kunna injin sai janareta na aiki, ko da akwai wutar gari.

14 ga Fabrairu

PCR ya tafi daidai. Cikin abin da na tara zuwa yanzu, biyar na da eae babu stx. Biyu na asali, uku bare. Adadin bai kai a ce komai game da garin ba, amma ya isa a ci gaba. Na ƙara yawan ƙwayar gadon tir daga kowace, na tura a karanto jerinta gaba da baya, naira 12,000 kowane karatu.

Ina jira ina karanta tarihin abin, kuma ya ba ni dariya. A farkon shekarun 1990 masu bincike a ɗakin Brett Finlay da ke Jami'ar British Columbia a Kanada sun ga wani furotin mai nauyin kilodalton 90 yana samun fosfet a duk sel ɗin da EPEC ta kama. Suka ɗauka na mutum ne, har suka raɗa masa suna Hp90 a kan haka. Sai a 1997 Brendan Kenny da Finlay da abokan aikinsu suka nuna ashe na bakteriyar ne, wato shi ne Tir. Abin da ya ɓatar da sawu shi ne a cikin bakteriya yana tsayawa a 78 a kan jel, sai ya shiga sel yake hawa 90. Sel ya sauya masa kama har masana suka kasa gane shi. Daga baya aka gano hawan nan ba fosfet ɗin tairosin ke jawo shi ba, wasu fosfet ne da ake liƙawa a kan serin, ta 434 da ta 463. Wato ba sau ɗaya ake taɓa shi ba, kuma ba kainez ɗaya ke yi ba.

25 ga Fabrairu

Wannan ne ɓangaren da nake tsoro tun farko. Jerin ƙwayar gado zai iya gaya mini ko tairosin na nan, amma ba zai gaya mini ko an liƙa mata fosfet ba, domin fosfet ba ya cikin gadon bakteriya. Dole sai da sel mai rai, a zuba masa bakteriyar, a fasa shi a duba. Riƙon sel mai rai a Kaduna kuwa aiki ne ja.

Mun samo sel ɗin mutum da ake kira HeLa daga wani lab a Zariya. Da sassafe na shiga mota a Kawo, na dawo da kwalba cike da ruwan reno, a naɗe cikin tawul a kan cinyata. Waɗannan ƙwayoyin an ɗebe su ne a 1951 daga ƙarin bakin mahaifar wata Ba'amurkiya, Henrietta Lacks, ba tare da an tambaye ta ba. Duk sanda nake karanta wa matan asibiti takardar amincewa sai ta faɗo mini a rai.

Suna son zafi 37 a ma'aunin Selsiyos, da iskar kabon kashi 5 cikin ɗari, dare da rana. Sun yi kyau, sun cika kwalba, na raba su. Sai ga fararen ƙulle-ƙulle kamar auduga suna iyo a ruwan: naman gwari. Baba mai kula da lab ya buɗe saman akwatin aikin ya nuna mini matatar iska, ta yi ja da ƙurar hunturu. Ya ce, "'Yata, wannan rabonta da canji tun kafin ki shigo jami'a." Mun zubar da kwalabe biyu, mun goge inkubeta, akwatin ɗumin da sel ke zama, da barasar lab, mun canja ruwan tiren ƙasa, mun toshe ƙasan taga da soso. Kwalba ɗaya ta tsira, ita ce jarin yanzu. Sabuwar matata sai dai a rubuta a jira.

5 ga Maris

Azumi ya kama, aiki ya koma daga bayan asuba zuwa azahar.

Baba na fama da olsa, yana ta tunanin yadda zai kai ƙarshen wata. Ya tambaye ni ko karatun nan nawa na da abin cewa a kai. Na ce akwai, domin Helicobacter pylori, wadda ke bayan yawancin gyambon ciki, ita ma wannan dabarar take yi. Allurarta wani samfuri ne daban, furotin ɗin da take ɗurawa kuma CagA. A wutsiyarsa akwai wani jeri na amino asid biyar da ake rubutawa EPIYA, yana maimaituwa. Kainez ɗinmu na dangin Src da Abl su ke liƙa fosfet a kan tairosin ɗin da ke ciki, sai CagA ya kama wani enzayim namu, SHP-2, ya bar shi a kunne. Sel ya miƙe ya yi tsini, tsarin girmansa ya rikice. CagA ɗin gabashin Asiya ya fi riƙe SHP-2 da ƙarfi, kuma ana danganta shi da yawan sankarar ciki a can. Na ba shi labarin Barry Marshall, likitan Ostireliya da ya shanye ruwan bakteriyar da gangan a 1984 don a yarda da shi, suka karɓi kyautar Nobel da Robin Warren a 2005. Baba ya ce wannan ba likita ba ne, mahaukaci ne. Na dai roƙe shi ya je a gwada shi a ba shi cikakken magani, ya bar shan farin ruwan nan kullum.

12 ga Maris

Jerin tir ya dawo. Na mayar da shi amino asid, na jera kusa da na E2348/69. A huɗu na ga haruffan da nake nema, YDEV, wato tairosin ɗin da Nck ke kamawa da maƙwabtanta uku. Lambar wurin ta ɗan gota a wasu saboda tsawon Tir ya bambanta, amma jerin na nan.

Ta biyar, ɗaya daga cikin baren, ba ta da shi. Wutsiyar Tir ɗinta ta fi kama da ta O157:H7. Na kai wa Malam a guje. Bai ko ɗago daga kujera ba ya ce, "An san irinta. Je ki karanta O55:H7." Gaskiyarsa, wannan EPEC ce da ake ɗauka daga irinta O157:H7 ta samo asali, kuma tana ɗauke da TccP. Sai na yi odar firaima na tccP. Ta biyar ɗin nan za ta yi mini amfani biyu: abin bincike ce, kuma ita ce wadda bai kamata ta nuna fosfet a jel ba.

20 ga Maris

Mako mai ɗaci. Tiransifomar unguwa ta ƙone ranar Juma'a da yamma, janareta kuma ba ta kwana a kunne a ƙarshen mako. Litinin muka tarar da firiza ta narke, ruwa har ƙasa. Inkubeta ta tsira, domin tun bayan abin da ya faru da injin PCR Malam ya sa an haɗa ta da batirin sola na ofishinsa. Bakteriyata na sake shuka su daga gilisarol nan take, duk sun tashi, E. coli ba ta da saurin mutuwa. Antibodi, furotin da ke gane fosfet a kan tairosin ya nuna mana shi, yana firji, ya ɗumama amma bai yi zafi ba. Shi ne abu mafi tsada a aikin nan, naira 870,000 daga kuɗin binciken Malam, ni da wani ɗalibi muke raba shi.

Duk da haka na yi gwajin, tunda sel sun kai. Na reni bakteriya a ruwan renon sel, domin a cikinsa suke haɗa allurarsu, na zuba wa HeLa na awa uku, na wanke, na fasa, na zuba jel, na kwashe furotin daga jel zuwa wata takarda ta musamman, na jiƙa da antibodi. A ɗakin ajiya muke wanke fim, an rufe ƙofa da baƙin zane. Fim ya fito fes. Babu 90, babu komai, har a layin E2348/69.

Abu biyu ake zargi. Ko antibodi ya mutu, ko fosfet ɗin ya zube kafin a kai ga jel. Na biyun yana da hujja: yadda sel ke da masu liƙa fosfet, haka yake da masu cire shi, ana ce musu fosfatez, kuma da an fasa sel suke bin komai suna ɓarewa. Ruwan da ke hana su aiki yana cikin abin da ya kwana biyu a narke a firiza.

24 ga Maris

Baba ya zaro wata tsohuwar kwalbar hodar banadet, mai hana fosfatez aiki, daga bayan kabad, ya ce da ita ake yi kafin a fara sayar da haɗaɗɗe. Shirya ta sai da haƙuri: a narka, a daidaita pH zuwa 10, ruwan ya koma rawaya, a tafasa har ya washe, a huce, a sake aunawa, a maimaita har ya daina sauyawa. Don mu san ko antibodi na da rai, muka haɗa ɗan banadet da haidirojin faroksaid muka zuba wa HeLa marasa bakteriya na 'yan mintuna. Wannan yakan toshe fosfatez ɗin tairosin gaba ɗaya, fosfet ya taru a ko'ina. Layin ya fito baƙi ƙirin daga sama har ƙasa. Antibodi na nan da ransa, alhamdu lillahi.

27 ga Maris

An rufe lab sai bayan salla. Ina gida ina shirya jawabin da zan gabatar a sashe, kuma Malam ya ce kar in tsaya kan fosfet kaɗai. Na ɗauki Salmonella, tunda kowa a ɗakin ya san taifot, ko da yake yawancin wannan bincike an yi shi ne da Typhimurium, 'yar uwar mai sa taifot ɗin.

Wanda ya fi burge ni aikin Tomoko Kubori da Jorge Galán ne na Jami'ar Yale a 2003. Salmonella na ɗura furotin biyu masu aiki kishiyar juna. SopE yana tada fatar sel ta yi tururuwa ta haɗiye bakteriyar, SptP kuma yana kwantar da ita. In an ɗura su tare, me ya hana su soke juna? Amsar tana hannun sel. Yakan rataya wa SopE yubikwitin, wani ɗan furotin mai amino asid 76 da ke nufin a kai abu injin niƙa, sai a niƙe shi da wuri. SptP kuwa yana daɗewa. Saboda haka a farko SopE ke rinjaye, bakteriya ta shige, daga baya SptP ya rage shi kaɗai ya mayar da fatar yadda take. Wanda ya duba sama-sama zai ce sel ya yi nasara tunda ya lalata makamin baƙo. A ganina akasin haka ne, lalatawar na cikin shirin bakteriyar, da ita take auna lokaci.

Yubikwitin ba kullum niƙa yake nufi ba. Da aka rataya wa SopB, wuri kawai yake sauyawa, daga fatar sel zuwa jakar da bakteriyar ke zaune ciki. Akwai kuma waɗanda kitse ake liƙa musu don su manne a fata: SifA a wutsiyarsa, SspH2 da SseI a kan sistin ta 9 kusa da kansu. Duk enzayim ɗin mutum ke yi.

9 ga Afrilu

Barka da salla. Zafi ya sauka, inkubeta ma da ƙyar take riƙe 37 da rana, sai an kunna na'urar sanyaya ɗaki, dizal ya ƙaru. Tukunyar iskar kabon ta ƙare ana hutu, ruwan sel ya koma shuɗi-shuɗi mai ja, amma an cika ta kafin su mutu, naira 35,000.

An maimaita gwajin da sabon banadet, komai a kan ƙanƙara. Layi ya fito a 90 a E2348/69, kuma babu shi a HeLa da ba a zuba wa komai ba. Cikin huɗu masu YDEV, uku sun nuna layi a kusa da wurin, ɗaya sosai, biyu dishi-dishi. Ta huɗu babu. Ta biyar babu, kamar yadda aka zata.

Ta huɗun ce ke hana ni barci. Tairosin na nan a jeri amma ba fosfet. Tana iya yiwuwa ba ta manne wa HeLa sosai, domin bare ce, kuma marasa bfpA sukan buƙaci awa shida maimakon uku. Tana iya yiwuwa allurarta ba ta aiki. Ba zan zargi kainez ba tukuna, domin ba ɗaya ke wannan aiki ba: Fyn na yi, Abl da Arg na yi, Etk ma na yi, in wani ya rasa wani ya cike.

Malam ya ɗaga fim ɗin a hasken taga ya ce ya yi kyau, sannan ya zuba mini ruwan sanyi. Ya ce layi a 90 bai tabbatar da Tir ne ba sai an gwada da antibodin Tir kansa, wanda ba mu da shi. Ya kuma tuna mini HeLa ba hanji ba ne. An gwada EPEC da aka sauya wa tairosin ta 474 a kan yankin hanjin mutum da aka ciro, ta kuma manne ta shafe gashin sel duk da haka. A ɓera ma, Citrobacter rodentium da aka cire wa irin wannan tairosin ta ci gaba da zama a hanji. Na san da wannan, amma jin sa daga bakinsa da fim a hannu daban ne. Ya ce, "Rubuta abin da kika gani a HeLa, ki kira shi HeLa."

Abin da ke gaba: PCR na tccP a duka biyar da zarar firaima sun iso, maimaita ta huɗu da awa shida, tare da shafa rinin Giemsa in ƙirga mannewa, sai gwajin haska aktin don ganin dakalin da ido, wanda ke buƙatar faloidin, abin da ke kama aktin ya haska shi, da maikiroskof mai haske, shi kuma sai Zariya. Malam zai rubuta wa tsohon ɗakin da ya yi karatu ko za su taimaka da ɗan antibodin Tir, in an sami mai tahowa da shi cikin ƙanƙara. Caco-2, waɗanda asalinsu daga babban hanji ne, sun fi dacewa da tambayata, amma sai sun yi kusan mako uku a faranti kafin su yi gashi irin na hanji, kuma ba zan fara ba sai an canja matata.

Abin da ya fita daga aljihuna zuwa yau, ban da antibodi da kuɗin mota, ya kai naira 570,000. An ce mini faloidin zai kai naira 300,000, don haka ina neman wanda za mu raba. Karɓar samfuri zai ci gaba ranakun Talata da Alhamis har farkon damina.